Ɗaukar kiɗan ganguna a gida: Abin lura kafin a zuba albashi a sayen makirfo

Tun da kwamfutar tafi-da-gidanka ta shiga kusan kowane gidan ma'aikaci, ɗaukar waƙa ta daina zama abin da sai an yi tattaki zuwa babban situdiyo a Legas ko Kano. A unguwannin Kubwa da Lugbe da Karu da Gwarimpa, akwai gidajen da ɗakin baƙi ya koma ɗakin ɗaukar sauti. Wani ya yi hakan ne saboda ɗansa mai koyon kiɗa, wani saboda ƙungiyar mawaƙan cocinsu, wani kuma saboda sha'awar da ya daɗe yana dannewa tun yana ɗalibi.

Matuƙar murya ce kaɗai ake ɗauka, kiɗan kuwa daga fiyano ko kwamfuta yake fitowa kamar yadda ake yin galibin waƙoƙin Kannywood, makirfo ɗaya ya wadatar. Lissafi yana canzawa ne ranar da aka shigo da saitin ganguna irin na 'yan bandi, wanda mutum ɗaya ke zama ya kaɗa da hannuwa biyu da ƙafafu biyu.

Saitin ya ƙunshi babbar ganga da ake takawa da ƙafa, da ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙarƙashinta wadda makaɗa ke kira siniya, da gangunan tom biyu ko uku, da tagwayen farantan tagulla masu buɗewa da rufewa, sai kuma wasu farantan da ke tsaye a sama. Kowanne da irin amonsa, daga mafi kauri zuwa mafi siranta, kuma duk lokaci guda suke tashi a filin da bai wuce faɗin tabarma biyu ba. Shi ya sa injiniyoyin sauti ke lissafa shi cikin kayan kiɗa mafi wahalar ɗauka.

Abin da mai farawa ya saba yi shi ne ya ƙirga gangunan, ya nemi makirfo daidai yawansu. 'Yan kasuwa ma sun san da haka, don haka suke sayar da akwati mai makirfo bakwai ko takwas a farashin da ke jan hankali. Amma abin da masu sana'ar suka koya cikin shekara sittin shi ne, makirfo huɗu masu nagarta da aka aza da awo a ɗakin da aka gyara sun fi takwas da aka jera barkatai. Ga mai jiran ƙarshen wata, bambancin na iya kaiwa ɗaruruwan dubban naira.

Lissafin kuɗi

Daga waje ake shigo da waɗannan kaya, saboda haka farashinsu dala yake bi. Shure SM57, wanda ya fito a 1965 kuma har yau shi aka fi sa wa siniya a duniya, ya daɗe ana sayar da shi kusan dala 100 a Amurka. Idan dala tana naira 1,500, kamar yadda ta kai har ta zarce a 2024, kuɗinsa naira 150,000 ke nan, kafin a ɗora na jigila da na kwastam da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 kuwa naira 70,000 ne.

Makirfon gangar ƙafa mai suna yana kaiwa kimanin dala 200. Tagwayen da ake ɗagawa sama, masu matsakaicin daraja, su ma kimanin haka. Jimillar huɗun dala 500, wato naira 750,000, fiye da albashin wata goma na ƙaramin ma'aikaci. Ba a sa kuɗin sandunan da za su riƙe su ba, da wayoyi, da akwatin da zai haɗa su da kwamfuta. Kuskure a irin wannan ciniki yana da ciwo, domin makirfon da aka buɗe aka gwada da wuya ɗan kasuwa ya karɓe shi a kuɗin da ya sayar.

Akwai kuma abin da ya shafi ma'aikacin gwamnati shi kansa. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ta hana ma'aikaci mai cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, in ban da noma. Situdiyon sha'awa ko na horar da yara bai shiga wannan ba, amma wanda ke lissafin mayar da kuɗinsa ta hanyar karɓar kuɗin mawaƙa yana da buƙatar ya duba matsayinsa tukuna.

Yadda manya suka yi da kaɗan

A farkon shekarun 1960, a situdiyon kamfanin EMI da ke Abbey Road a Landan, makirfo biyu kaɗai ake sa wa gangunan Ringo Starr na ƙungiyar Beatles: ɗaya a sama, ɗaya a gaban gangar ƙafa. A 1966 wani matashin injiniya, Geoff Emerick, ya cusa rigar sanyi a cikin gangar ƙafar, ya kuma matso da makirfo kusa fiye da yadda dokar kamfanin ta yarda. Amon ya fito a dunƙule, kuma dabarar cusa bargo ko matashin kai a cikin gangar ta zama ruwan dare har yau.

A 1968 Glyn Johns ya ɗauki kundin farko na ƙungiyar Led Zeppelin, inda ya daidaita wani tsari na makirfo uku zuwa huɗu da har yanzu ake kira da sunansa. Ƙaninsa Andy Johns ya zarce shi wajen taƙaitawa. A wani tsohon gida mai suna Headley Grange a Ingila, ya sa aka kafa gangunan John Bonham a farfajiyar matakalar bene, ya rataye makirfo biyu samfurin Beyerdynamic M160 daga sama. Da su aka ɗauki gangunan waƙar When the Levee Breaks da ta fito a 1971, waɗanda masu haɗa kiɗa suka yi ta yanka suna sakawa a nasu waƙoƙin shekara da shekaru.

Najeriya ma tana da nata kaso a wannan tarihi. A 1973 Paul McCartney ya zo Legas ya ɗauki mafi yawan kundinsa Band on the Run a situdiyon EMI da ke Apapa, a kan na'ura mai layi takwas kacal, wadda dole ganguna da jita da murya su raba a tsakaninsu. Shi da kansa ya kaɗa gangunan, saboda makaɗinsa ya ajiye aiki dab da tafiya. Kundin ya hau matsayi na ɗaya a Amurka da Birtaniya, Emerick kuma ya samu kyautar Grammy a kan ingancin ɗaukar.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai, in ji Hausawa. Sai dai kada a manta cewa makirfo biyun Andy Johns sun yi abin da suka yi ne saboda tsawo da faɗin wurin da aka rataye su. Ɗakin gidan haya a Abuja wani abu ne dabam.

Ɗakin da za a yi kiɗan

Ɗakin kwana a irin gidajen da ma'aikata ke haya bai cika wuce mita uku a mita huɗu ba. Bangonsa bulo ne da filasta, ƙasansa tayil, rufinsa bai kai ko bai wuce mita uku ba. Duk waɗannan suna mayar da sauti kamar yadda madubi ke mayar da haske. Makirfon da aka ɗaga sama da ganguna zai ji bugun sanda, nan take kuma ya ji amsa-kuwwarsa daga rufi da bango da ƙasa.

Akwai matsala ta biyu da kunne bai cika ganewa da wuri ba. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan guda, kuma tsakanin kowane bango biyu masu fuskantar juna akwai amon da ke maƙalewa yana kai da komowa. A tazarar mita huɗu, amon da ke girgiza sau 43 a sakan ne, abin da ake rubutawa 43Hz. A tazarar mita uku kuwa 57Hz ne. Nan ne daidai inda kaurin gangar ƙafa yake zaune. Sakamakon haka, a wani ɓangaren ɗakin gangar za ta yi ta ruri, a wani ɓangaren kuma ta zama kamar ana buga kwali. Ɗakin da tsawonsa da faɗinsa suka zo ɗaya ya fi kowanne muni.

Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango, wanda ya zama alamar ƙananan situdiyo a ƙasar nan, ba ya hana ƙara fita, kuma abin da yake sha na amsa-kuwwa kaɗan ne. Siririn soso ma siririn amo kawai yake kamawa, ya bar mai kaurin yana yawo. Abin da ke aiki shi ne abu mai kauri da laushi: darduma mai nauyi a ƙarƙashin saitin, katifa a jingine a kusurwa, labule mai ninki a taga, bargo a rataye sama da kan makaɗi, da kantar littattafai a bangon da ke fuskantarsa. Mafi yawansu suna cikin gida tun da ma.

Haka nan gangunan kansu. Fatar roba da ta gaji, ko wadda ba a ɗaure ta daidai ta kowane gefe ba, babu makirfon da zai gyara ta. Feda mai ƙugi tana buƙatar ɗigon mai. Sabuwar fata a kan siniya da gangar ƙafa ta fi sauya sautin ɗauka fiye da ƙarin makirfo na biyar, kuma kuɗinta bai kai nasa ba.

Nau'i uku, aiki uku

Makirfon da ake kira dainamik yana aiki ne da naɗin waya da maganaɗisu. Yana jure ƙara mai tsanani da faɗuwa da bugun sanda bisa kuskure, ba ya kuma buƙatar wuta. Shi ake matsowa da shi jikin ganga. SM57 na cikin wannan aji, haka Sennheiser MD 421 da ya fito a 1960 wanda aka saba sa wa tom, haka kuma AKG D112 da Shure Beta 52A da Audix D6 da aka ƙera musamman domin gangar ƙafa.

Kwandensa yana da faifai siriri ƙwarai, don haka yana kama ƙananan motsi da kaifin farantai. Shi ake ɗagawa sama ya ji saitin baki ɗaya. Yana buƙatar wutar volt 48, wadda ake kira fantom, da ke zuwa ta wayar makirfon daga akwatin sauti. Rode M5 da NT5, da Samson C02, da Behringer C-2, duk ana sayar da su tagwaye. Kafin saye, a duba iyakar ƙarar da makirfon ke iya ɗauka, da kuma ko yana da maɓallin rage ƙarfi. A ɗaki mai tayil, kwandensa mai araha sosai yakan mayar da farantai su zama masu soka kunne.

Na uku shi ne ribon, mai siririn zirin alminiyam a tsakanin maganaɗisu. Yana tausasa farantai, shi ya sa manyan situdiyo ke son Coles 4038 da BBC ta tsara a shekarun 1950. Amma kuɗinsa ya haura dala 1,000, iskar fanka mai ƙarfi tana iya lalata zirin, wutar fantom a kan wayar da aka haɗa ba daidai ba ma haka. Yawancin ribon kuma suna ji ta gaba da ta baya, wato a ɗaki mai gajeren rufi za su kwaso amsa-kuwwar rufin tare da kiɗan. Mai farawa zai iya jinkirta shi.

Abin da ya fi dacewa da ƙaramin ɗaki shi ne makirfo mai ji ta gaba, kurma ta baya. Da shi ake iya juya wa abin da ba a so baya, ko bango ne ko faranti.

A ƙirga ƙofofi kafin a ƙirga makirfo

Akwatin da ke haɗa makirfo da kwamfuta, wanda masu situdiyo ke kira sawunkad, shi ke yanke hukuncin yawan makirfon da za su yi aiki lokaci guda. Focusrite Scarlett 2i2 biyu yake ɗauka. Scarlett 4i4, duk da huɗun da ke cikin sunansa, ƙofa biyu ce kawai a jikinsa ke karɓar makirfo kai tsaye. Behringer UMC404HD yana ɗaukar huɗu. Scarlett 18i20 da Behringer UMC1820 suna ɗaukar takwas. Wanda ya sayi akwatin makirfo bakwai alhali sawunkad ɗinsa mai ƙofa biyu ne, biyar za su zauna a cikin soso.

Wasu kan bi ta miksa, su haɗa dukan makirfon a ciki sannan su tura wa kwamfuta. Yawancin ƙananan miksa layi biyu kawai suke turawa, na hagu da na dama, kuma da zarar an gauraya ba a iya rabewa. Idan siniya ta yi ƙasa a lokacin ɗauka, haka za ta tabbata.

Wanne za a fara saya

Mai ƙofa biyu yana da zaɓi biyu: ko makirfo ɗaya a sama da ɗaya a gangar ƙafa kamar na farkon Beatles, ko tagwaye biyu a tsarin da ake kira Recorderman. A wannan tsari, ana ɗaga ɗaya sama da tsakiyar siniya da tsawon sandar kiɗa biyu, kimanin santimita 80, ɗayan kuma a bayan kafaɗar dama ta makaɗi, a daidaita su yadda nisansu daga siniya zai zo ɗaya, daga gangar ƙafa ma haka. Da yake suna kusa da gangunan, ba su cika kwasar muryar ɗakin ba.

Mai ƙofa huɗu ya kai inda ake so. Tagwayen sama su ne ginshiƙi, domin su ke ɗaukar hoton saitin gaba ɗaya, saboda haka a nan ya kamata mafi yawan kuɗin ya tafi. Na uku na gangar ƙafa ne, na huɗu na siniya. A tsarin Glyn Johns, ɗaya daga tagwayen yana sama da siniya da kimanin mita guda yana kallon ƙasa, ɗayan yana gefen babban tom na ƙasa, ɗan sama da bakinsa, yana kallon siniya.

Makirfon siniya ana aza shi santimita uku zuwa biyar sama da bakin gangar, yana kallon tsakiya, bayansa yana fuskantar tagwayen farantai domin ya rage jin su. Na gangar ƙafa, idan aka tura shi ciki kusa da inda feda ke bugawa, yana ba da ƙarar bugun. Idan aka ja shi baya zuwa bakin rami, yana ba da nauyi. Wannan zaɓi yana da muhimmanci a ƙasar da mafi yawan masu saurare da wayar hannu ko ƙaramar lasifika suke ji. Waɗannan ba sa iya fitar da amo mai kauri sosai, don haka gangar da ba ta da ƙarar bugu takan ɓace gaba ɗaya a cikinsu.

Makirfon tom suna zuwa ne daga baya, idan salon kiɗan yana buƙatarsu. MD 421 guda uku sun haura dala 1,000, shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi ke komawa ga irin Sennheiser e604 da ake maƙalawa a bakin ganga ba tare da sanda ba. Na tagwayen farantai shi ne na ƙarshe, domin a ƙaramin ɗaki sun riga sun shiga kowane makirfo ko ba a gayyace su ba.

Salon makaɗi ma yana da ta cewa. Marigayi Tony Allen, wanda ya kaɗa wa Fela Kuti daga 1964 zuwa ƙarshen shekarun 1970 kuma ya rasu a Paris a 2020, ya shahara da hannu mai sauƙi da ƙananan bugu a kan siniya da tagwayen farantai. Mai bin wannan salo na Afrobeat tagwayen sama masu kyau yake buƙata fiye da komai. Makaɗin da ke dukan farantai da dukan ƙarfinsa kuwa, sai ya koyi sassauta musu hannu, in ba haka ba za su danne sauran gangunan a kowane layi.

Zare da awo

Dalilin da ya sa ƙarin makirfo kan rage daɗin sauti yana da alaƙa da saurin tafiyarsa. Bugu ɗaya a kan siniya yana isa makirfon da ke kusa da ita kafin ya isa na sama. Idan na kusa yana da nisan santimita biyar, na sama kuma mita guda, jinkirin bai kai kashi uku cikin dubu na sakan ba. Kunne ba ya jin sa a matsayin bugu biyu. Amma idan aka haɗa layukan biyu, wani ɓangare na amon yana tunkuɗar ɗan'uwansa su kashe juna, kuma a wannan tazara abin yana faɗawa ne wajen 180Hz, kusa da inda cikar muryar siniya take. Sai a ji ta rame, mai shi ya ɗauka laifin makirfo ne, ya koma kasuwa.

Maganin bai kai kuɗin katin waya ba. A ɗauki zare ko tef ɗin tela, a riƙe bakinsa a tsakiyar siniya, a tabbatar nisan tagwayen sama ya zo daidai. Sannan a saurari layukan a haɗe ta lasifika ɗaya, a danna maɓallin juya fuskar sauti, mai alamar da'ira da layi a tsakiyarta, a kan layin siniya da na gangar ƙafa, ɗaya bayan ɗaya. Duk matsayin da ya fi ba da kauri shi ne daidai. Idan an sa makirfo a ƙarƙashin siniya domin kama wayoyinta, kusan koyaushe sai an juya shi, domin lokacin da fatar sama ke nisantar makirfonta, ta ƙasa kusantar nata take yi.

Makirfo huɗu suna da alaƙa shida a tsakaninsu da za a kula da su. Takwas suna da 28.

Idan aka haɗa da kalangu ko ƙwarya

Masu haɗa kiɗa a Arewa sukan so su ɗora gangunan gida a kan na bandi. Kalangu, wanda makaɗan Alhaji Mamman Shata suka yi fice da shi, yana sauya murya ne gwargwadon matsin hammata a kan tsirkiya, makaɗinsa kuma ba ya tsayawa cik. Idan aka manna masa makirfo kamar siniya, ƙarfin sautin zai riƙa hawa da sauka da kowane juyi. Gara a ja baya kamar kamu biyu, yadda za a ji fata da jikin gangar tare. SM57 ya isa wannan aiki, domin maganar kalangu a tsakiyar amo take. Haka ya shafi kotso irin na Narambaɗa da Ɗanƙwairo.

Ƙwaryar da ake kifawa a kan ruwa, irin ta kiɗan Barmani Choge, tana da kauri mai kama da na gangar ƙafa, saboda haka su biyun sukan yi rububin wuri ɗaya a cikin waƙa. Makirfon gangar ƙafa zai kama ta da kyau, a ɗaga shi inda ruwa ba zai fantsamo masa ba. A ƙaramin ɗaki, ya fi sauƙi a ɗauki gangunan bandi tukuna, sannan makaɗin gargajiya ya sa abin saurare a kunne ya bi a nasa layin.

Jabu da na hannu

SM57 da ɗan'uwansa SM58 suna cikin makirfon da aka fi kwaikwaya a duniya, kuma kamfanin Shure ya sha yin gargaɗi a kai. Na jabu yana zuwa da kwali da tambari da takardu. Alamar farko ita ce farashi: abin da ake sayarwa dala 100 a ƙasar da kamfanin yake ba zai zo Abuja sabo a rabin wannan kuɗi ba. Araha ba ta ado. Alama ta biyu nauyi: SM57 na ainihi giram 284 ne, kuma sikelin kicin zai iya fallasa da yawa daga cikin na bogi, ko da yake wasu masu kwaikwayon sun koyi ƙara ƙarfe a ciki. Mafi tabbaci shi ne a sa shi gefe da gefe da wanda aka san asalinsa, a yi magana a cikinsu, a kuma karɓi rasit mai sharaɗin mayarwa.

Na hannu ba abin ƙi ba ne idan dainamik ne, domin irinsu suna yin shekaru da dama suna aiki. Kwandensa na hannu kuwa sai an gwada shi na 'yan mintoci a wuri shiru, a saurara ko yana ƙara irin ta soya mai.

Wuta da ƙura da damina

Wutar lantarkin Najeriya tana girgiza ne a 50Hz. Idan wayar ƙasa ta gidan ba ta da kyau, ko ana amfani da inbata mai araha ko janareta, wani gurnani yakan shiga layi a daidai wannan amo, wato cikin yankin gangar ƙafa, inda cire shi ke tafiya da wani ɓangare na kiɗan. Ƙaramin sawunkad da ke shan wuta daga kwamfuta yana tsira idan aka zare caja aka yi aiki da batir. Manyan masu ƙofa takwas suna buƙatar soket, saboda haka suna buƙatar wuta mai tsabta. Kada wayar makirfo ta kwanta a jere da wayar lantarki. Fanka da na'urar sanyaya ɗaki kuma dole a kashe su lokacin ɗauka, abin da a watan Maris ke nufin a yi aiki minti goma a huta.

Ƙurar hunturu da laimar damina abokan gaban kwandensa ne. Ƙura takan zauna a kan faifansa, laima ta jiƙa ta, sai ya fara tsartsatsi. A mayar da shi akwatinsa bayan kowane aiki, tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi.

Maƙwabta da kunnuwa

Katifa da labule suna gyara sautin cikin ɗaki ne kawai. Hana shi fita yana buƙatar bango mai nauyi da toshe kowace kafa ta ƙofa da taga, aikin da mai gida da wuya ya yarda ɗan haya ya yi. Gangar ƙafa kuma ta cikin siminti take bi ta sauka wa na ƙasa. Najeriya tana da dokokin taƙaita ƙara da aka fitar a 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, kuma a Babban Birnin Tarayya Hukumar Kare Muhalli ta Abuja tana karɓar koke a kan hayaniya. Amma kafin magana ta kai can, takardar tashi daga mai gida ta isa ta rushe lissafin mai biyan haya shekara-shekara. Yarjejeniya da maƙwabta a kan sa'o'i biyu ranar Asabar, nesa da lokutan salla da na barcin yara, tana cikin kayan aikin situdiyo.

Kunnen makaɗi ma yana cikin haɗari, musamman idan yaro ne. Saitin ganguna a rufaffen ɗaki yana haura desibel 100 cikin sauƙi. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa iyakar sa'a takwas a desibel 85, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu. A desibel 100, minti 15 ke nan a yini. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Abin toshe kunne, ko abin saurare mai rufe kunne ruf, ya kamata ya shigo gida rana ɗaya da gangunan.

Wanda bai riga ya saya ba yana da damar da ba ta cin ko sisi. Coci-coci da masu ba da hayar kayan sauti na biki suna da SM57 da makirfon gangar ƙafa, wasunsu har da tagwayen sama. A aro ko a yi hayarsu na yini guda, a shimfiɗa darduma, a jingina katifa, a auna da zare, a ɗauki minti ɗaya na kiɗa. A saurare shi a waya, a saurare shi a mota a hanyar zuwa Sakatariyar Tarayya ranar Litinin. Abin da kunne ya ce ya rasa a wannan gwaji, shi za a fara nema a kasuwa idan albashi ya shigo.